Sansui AU-717 da NAD 3020: Ƙarfi ko Dabara?

Amfilifayoyi biyu da aka fitar a ƙarshen shekarun 1970 har yau masu sauraron faifai na musu a kansu. Aikinsu ɗaya ne: akwati guda ya karɓi siririn sautin garmaho ko kaset, ya ƙara masa ƙarfi, ya miƙa wa lasifika biyu. Amma kowacce da hanyar da ta bi.

Sansui AU-717 ta fito daga Japan a 1977, baƙa wuluk, da wat 85 a kowane ɓangare. In ka ɗaga ta sai ka ji a ƙugunka, don ta haura kilo 17. Buɗe murfin ka ga dalili: taransifoma biyu ne a ciki, ɗaya ta dama, ɗaya ta hagu, don kada bugun ganga a wannan lasifika ya janye wa waccan wuta. A babban falo, NAD 3020 ba ta isa ta ja da ita ba.

NAD 3020 ta biyo baya a 1978. Bjørn Erik Edvardsen, mutumin Norway, ya tsara ta wa kamfanin NAD na Landan, aka harhaɗa ta a Taiwan. Wat 20 kacal, fuska toka-toka, maɓallan roba. Wanda ke saye da ido zai wuce ta. Sai dai Edvardsen ya san kiɗa ba kullum yake neman ƙarfi ba, neman sa yake a ƙiftawar ido, lokacin da makaɗi ya saki hannu. A wannan ƙiftawar, 3020 tana ba da fiye da abin da aka rubuta mata. Ga kuma abin da masu ƙirga wat ke mantawa: ninka ƙarfi sau biyu desibel 3 kawai yake ƙara wa sauti, don haka tazarar da ke tsakanin amfilifayoyin biyu ba ta wuce kusan desibel 6 ba.

Ni dai 3020 na fi girmamawa. Ta kai sauti mai kyau ɗakin ɗalibi da ƙaramin ma'aikaci, waɗanda kuɗin Sansui ya fi ƙarfin aljihunsu.

Tsufa kuwa bai bar kowacce ba. Kondensa suna bushewa, kuma gam ɗin da aka manna kayan cikin Sansui da shi yakan dafe ya cinye ƙafafunsu. Wanda ya tsinci ɗaya a gwanjo, ya duba bayanta tukuna ko ta wutar Amurka ce mai volt 120, sannan ya kai wa mai gyara kafin ya jona ta.