Gyaran Sabuwar Sandar Sunuka Idan Ta Lotsa

Wasan sunuka, wato buga ƙwallaye da sanda a kan tebur mai ramuka 6, ya shiga garuruwa irin su Rano da Kibiya kamar yadda ya shiga sauran sassan Jihar Kano, sai dai sandarsa ba ta jure sakaci. Siririn gabanta, wanda ke zamewa tsakanin yatsu, da katako mai tauri ake yin sa, kuma idan ya bugi gefen tebur yawanci lotsawa yake yi, ba tare da zaren katakon ya tsinke ba. Saboda haka ɗigon ruwa a gurbin, ko jiƙaƙƙen tsumma da aka ɗora wa dutsen guga mai ɗumi, yakan sa katakon ya kumbura ya dawo daidai, sannan a bari ya bushe kafin a shafe shi da samfefa mafi laushi. Kankarewa da reza ɓarna ce, domin kaurin da aka rage ba ya dawowa. Tsagewa kuwa ruwa ba ya maganinta, sai dai a sauya gaban. Sandar da aka jingina da bango, musamman a bushewar hunturu, takan lanƙwashe, don haka a riƙa ajiye ta cikin gidanta, nesa da rana.