Koyon Kokawa a Ɗambatta

Ɗambatta tana arewa da Kano, a kan hanyar Kazaure. In kaka ta yi, an kai gero da dawa rumbu, sai yara su taru a dandali da farin wata, su yi ta kokawa.

Hanyar koyonta iri biyu ce. Wani yaro yakan tafi wurin tsohon ɗan kokawa shi kaɗai. Gwanin ya nuna masa yadda ake kafa ƙafa, da yadda ake kamu, da yadda ake faɗuwa ba tare da hannu ya karye ba. In ya kuskure, nan take a gyara masa.

Amma gwani mutum ɗaya ne, kamunsa kuwa iri ɗaya. A dandali ne yaro zai gamu da dogo da gajere, da ƙaƙƙarfa da mai wayo, har tsoron taro ya fita daga ransa. Sai dai a can, in ya saba da mugun kamu, babu mai gyara masa.

Saboda haka yaro mai hankali yakan haɗa biyun, watau ya koya wurin gwani, sa'an nan ya gwada a dandali. Sai an gwada akan san na ƙwarai.