Daga Filadelfiya zuwa Kanya: a hannun wa 'yan sanda suke?

 A shirinmu na yau aji za mu shiga, ajin da ake koya wa sababbin ɗaliban kimiyyar siyasa yadda gwamnatin Amurka take da yadda kundin tsarin mulkinta ke aiki. Amma daga garin Kanya za mu taso, can ƙaramar hukumar Danko/Wasagu ta masarautar Zuru, a kudancin jihar Kebbi.

Wani zai ce ina ruwan manomin dawa na Kanya da takardar da Turawa suka rubuta a hayin teku shekaru fiye da 200 da suka wuce? Yana da ruwa, yana da tsaki. A watan Maris na 2022 'yan bindiga suka yi wa 'yan sa-kai kwanton ɓauna a yankin Sakaba, suka kashe fiye da 60. Ba a gama zaman makoki ba aka sake gwabzawa a Kanya, lokacin da mataimakin gwamna na wancan zamani, Kanar Samaila Yombe Dabai mai ritaya, ya kai ziyara yankin. Sojoji da 'yan sanda da dama sun kwanta dama a ranar, Allah Ya ji ƙansu. Tun daga nan tambaya ɗaya take ta yawo a bakin mutane: in dai gwamna ne babban jami'in tsaron jiharsa, kamar yadda ake kiransa, me ya hana shi mallakar 'yan sandansa? Amsar tana cikin kundin tsarin mulkin Najeriya, shi kuwa kundin daga Amurka aka aro ƙirarsa.

Ɗalibin da ya baro Kanya ya tafi jami'a a Birnin Kebbi ko Sakkwato, darasinsa na farko a kan Amurka yakan fara ne da shekarar 1787. A birnin Filadelfiya wakilai 55 suka taru daga jihohi 12 cikin 13, domin jihar Rod Ailan ta ƙi tura kowa. George Washington ne ya shugabanci zaman, James Madison kuma ya fi kowa zuwa da shiri. Tsarin da suke kai a lokacin ya gaza, gwamnatin tsakiya ko haraji ba ta da ikon karɓa. A 1786 manoman Masachusets da bashi ya yi wa katutu sun ɗauki makami, gwamnatin tsakiya tana gani ba ta da rundunar da za ta tura. Saboda haka abu biyu wakilan nan suke tsoro: mulkin sarki irin na Ingila da suka yaƙa, da kuma zaman kara-zube.

Sai suka raba iko gida uku. Majalisa ta yi doka, shugaban ƙasa ya zartar, kotu ta yi shari'a, kowane ɓangare kuma aka ba shi abin da zai taka wa ɗan'uwansa birki. Shugaba na iya ƙin sa hannu a doka, majalisa ta tsallake shi da kashi biyu bisa uku na ƙuri'unta, tana kuma iya tsige shi. Da manyan jihohi da ƙanana suka ja daga a kan wakilci, aka sasanta da majalisa biyu: ta dattawa, kowace jiha kujera biyu, wato 100 a yau, da ta wakilai mai kujeru 435 da ake rabawa gwargwadon yawan jama'a. An sa hannu ranar 17 ga Satumba, 1787, kundin ya fara aiki a 1789, kuma sau 27 kacal aka yi masa gyara. Ikon kotu na soke dokar da ta saɓa wa kundin ma ba a rubuta shi ƙarara ba, Kotun Ƙoli ce ta kafa shi a 1803 a shari'ar Marbury da Madison.

Malamin kirki ba ya ɓoye wa ɗalibansa tabon da ke jikin wannan kundi. Ya bar bauta a yadda ya same ta, har aka amince a ƙirga bayi biyar a matsayin mutum uku wajen rabon kujeru. Sai da aka yi yaƙin basasa kafin a haramta bauta a 1865, mata kuwa sai 1920 kundin ya tabbatar musu da ƙuri'a.

Najeriya da tsarin Ingila ta fara, mai firayim minista. A watan Oktoba na 1975 Janar Murtala Muhammed ya ƙaddamar da kwamitin mutum 49 ƙarƙashin Cif Rotimi Williams, ya kuma nuna musu cewa shugaba mai cikakken iko, wanda ƙasa duka za ta zaɓa, shi ake bukata. Ranar 1 ga Oktoba, 1979, Alhaji Shehu Shagari ya sha rantsuwa a kan sabon tsarin, bayan Kotun Ƙoli ta raba gardamar nan ta ko kashi biyu bisa uku na jihohi 19 shi ne sha biyu da biyu bisa uku, wadda ƙuri'un Kano suka zama ƙashin bayanta. Kundin 1999 a kan wannan turba ya bi: sanatoci 109, 'yan majalisar wakilai 360, wa'adi biyu na shekara huɗu-huɗu.

To amma kayan aro, in ji Hausawa, ba ya rufe katara. Gyara na goma da Amurkawa suka yi wa kundinsu a 1791 ya bar wa jihohi da jama'a duk ikon da ba a miƙa wa tarayya ba, tsaron cikin gari kuma yana ciki. Shi ya sa ƙasar take da hukumomin 'yan sanda wajen 18,000, na jiha da na birni da na gunduma, kuma a yawancin gundumomi jama'a ne ke zaɓen shugaban 'yan sandansu da ƙuri'a. A Najeriya sashe na 214 ya ce rundunar 'yan sanda ɗaya ce tal, ba a yarda a kafa wata ba. Sashe na 215 ya yarda gwamna ya ba kwamishinan 'yan sanda umarni, sannan ya ba kwamishinan damar neman a kai maganar gaban shugaban ƙasa kafin ya aiwatar. Mutumin Kanya shi ke zaɓen gwamna, amma ɗan sandan da zai tsare masa hanyar gona daga Abuja yake jiran umarni. Wannan giɓi ne 'yan sa-kai suka shiga cikewa da bindigar toka, ba horo, ba albashi, ba dokar da ta fayyace iyakarsu.

Waɗanda suka rubuta sashe na 214 da na 215 suna da dalili. Dattawan Arewa ba su manta da 'yan dokan En'e ba, da yadda aka riƙa amfani da su wajen kama 'yan jam'iyyar NEPU a jamhuriya ta farko, har sojoji suka narkar da su cikin rundunar tarayya bayan 1966. Amurka ma ta ɗanɗana irin wannan. A 1957 gwamnan Arkansas, Orval Faubus, ya sa dakarun jiharsa suka hana yara baƙar fata tara shiga makarantar sakandare a Litil Rok, sai da Shugaba Eisenhower ya tura sojojin tarayya aka bi umarnin kotu. Nan ne darasin ya fi amfani ga ɗalibinmu: Amurkawa ba su ƙwace 'yan sanda daga jihohi saboda abin da Faubus ya yi ba, kotu da tarayya suka tsayar a kan gwamnan. A ganin wannan shiri hanyar da ta dace da ƙasar Zuru ke nan, 'yan sandan jiha da suka san daji da yaren mutane, da hukuma mai zaman kanta da za ta ɗauke su aiki, da kotun da talaka zai iya kai ƙararsu.

Gyaran kuwa mai yiwuwa ne. Sashe na 9 ya bukaci kashi biyu bisa uku na kowace majalisar tarayya, da amincewar majalisun jihohi 24 cikin 36. Ta wannan hanya a watan Maris na 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu aka ba jihohi hannu a harkar wutar lantarki da jirgin ƙasa da gidajen gyaran hali. A Fabrairun 2024 kuma Shugaba Bola Tinubu ya zauna da gwamnoni a kan batun 'yan sandan jihohi.

Masu sauraro na Kanya da Riba da Wasagu da Sakaba, majalisar dokokin da ke Birnin Kebbi tana cikin majalisu 36 da ake ƙirga ƙuri'arsu a irin wannan gyara. In wakilinku ya zo gida, ku tambaye shi ɓangaren da yake da dalilinsa. Ɗaliban da suka dawo hutu kuma su karanta wa iyayensu sashe na 214 da na 215, da Hausa ko da C'lela.