Abincin Mace Mai Ciki In Tana da Ciwon Sukari

Maganarmu ta yau a kan mace mai ciki ce wadda aka auna aka ce tana da ciwon sukari. Mata ku saurara. Ku kuma masu gida kada ku tashi, gama cefane a hannunku ya ke.

Tuwo, da shinkafa, da doya, da rogo, in sun shiga ciki su kan narke su zama sukari cikin jini. Akwai wani ruwa da jiki ke yi, sunansa insulin, shi ke kwashe sukarin nan daga jini ya kai shi inda za a yi aiki da shi. To, in ciki ya yi nisa, mabiyiya ta kan fid da waɗansu abubuwa masu rage ƙarfin insulin, sai sukari ya taru a jinin waɗansu mata. Daga nan ya kan bi ta cibiya ya isa wurin ɗa, ɗan ya yi ta ƙiba har ya wuce kilo 4. Mutane su kan yi murna da ƙaton jariri, amma irin wannan girma hatsari ne. Kafaɗarsa ta kan maƙale wajen haihuwa, uwa ta sha wuya, wani lokaci ma a rasa ɗan.

Sau da yawa mace ba ta jin kome a jikinta. Don haka a ke auna jini tsakanin mako 24 da 28, watau wajen wata na shida. Wadda ta taɓa haihuwar ƙaton ɗa, ko akwai ciwon a danginta, ta faɗa tun zuwanta awo na fari.

Ke da aka sami ciwon a jikinki, maganinki na fari yana cikin kwanonki. Amma ki ji da kyau, ba a ce ki zauna da yunwa ba, gama ɗan da ke cikinki yana bukatar abinci. Abin da za ki yi shi ne ki rarraba: ki ci kaɗan sau uku a yini, da ɗan abin taɓawa a tsakani, kamar gyaɗa ko dafaffen ƙwai. Kada ki tsallake karin kumallo.

In kin zo cin tuwo, malmala ɗaya kamar dunƙulen hannunki ta isa. Tuwon dawa ko gero da ba a surfe sarai ba ya fi farar shinkafa da burodi. Rabin kwanon ya zama ganye: zogale, rama, alayyafo, kuɓewa, yakuwa. Sauran gurbin ki cika da wake, ko kifi, ko nama, ko ƙwai. Nono yana da kyau in an dafa madarar, ba a kuwa zuba sukari ba.

Ki bar lemon kwalba, da shayi mai sukari, da alewa, da rake, da zuma. Koko da kunu su kan hau jini da sauri, sai ki sha kaɗan, tare da ƙosai ko gyaɗa. Lemo ko gwaiba guda ɗaya ba laifi. In ƙishirwa ta zo, ruwa ya fi. Bayan cin abinci ki ɗan taka cikin gida kamar minti 15. Batun azumi kuwa, kada ki ɗauka sai kin shawarci likita.

In abinci kaɗai bai saukad da sukarin ba, likita zai ba ki ƙwaya ko allurar insulin. Kada ki ji tsoronta, ba ta cutar ɗa. Wadda kuma ta ke da ciwon tun kafin ciki, kada ta bar maganinta, ta je a duba shi da wuri. In kina shan magani ki ka ji rawar jiki da gumi da jiri, sukari ne ya faɗi, a nan kam ki sha abu mai zaƙi nan da nan.

Ki haihu a asibiti, ki ba jariri mama da zarar ya faɗo, don sukarinsa ya kan yi ƙasa. Yawanci ciwon ya kan tafi bayan haihuwa, amma ki koma a auna ki bayan arba'in, gama ya kan dawo daga baya.

Mai gida, bunun zogale da mudun wake ba su kai kuɗin fiɗa ba. Ka saya. Allah ya sauki matanmu lafiya, amin.