Rediyon Silon, Tashar da Ta Mallake Kunnuwan Indiya

Duk wanda ya taɓa shiga sinima a Kano ko Zariya ko Damagaram, ya ji yadda jama'a ke amsa waƙar Lata Mangeshkar ko ta Mohammed Rafi alhali ba su jin Indiyanci, lalle zai yi mamaki in aka ce masa an yi zamanin da gidan rediyon gwamnatin Indiya da kansa ya ƙyamaci waɗannan waƙoƙi, har sai mutanen ƙasar sun murɗa akwatinsu zuwa wani tsibiri da ke kudu da su kafin su ji muryar mawaƙansu.

Tsibirin nan shi ne Silon, wanda a yau ake kira Siri Lanka. Tun 1925 aka fara watsa shirye-shirye a birnin Kolombo, amma tashar ba ta yi ƙarfi ba sai lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sa'ad da Turawan Ingila suka kafa wata babbar na'ura ta gajeren zango a Ekala domin ɗebe wa sojojinsu kewa. Da yaƙi ya ƙare, na'urar ta koma hannun gwamnatin Silon a 1949, a shekarar da ta biyo baya kuma aka buɗe sashen kasuwanci bisa jagorancin wani Bature ɗan Ostareliya, Clifford Dodd. Tsarin irin wannan tasha kuwa a bayyane yake: tana sayar wa kamfanoni lokaci, su kuma kamfanoni ba sa sakin kuɗinsu sai sun tabbata akwai masu saurare, saboda haka ya zama wajibi a kanta kullum ta binciki abin da zuciyar talaka ke muradi.

Ana cikin haka, a 1952, aka naɗa B. V. Keskar ministan watsa labarai na Indiya, mutum mai ilimi da tsananin kishin kiɗan gargajiya na ƙasarsa, wanda a ganinsa waƙoƙin fim ba su da ladabi, sun gauraye da kiɗan Turawa, suna kuma ɓata tarbiyyar matasa. Ya rage rabonsu a gidan rediyon gwamnati zuwa kashi 10 cikin 100, ya hana a ambaci sunan fim ɗin da waƙa ta fito, domin a wurinsa yin haka talla ce. Masu shirya finafinai suka fusata, suka janye izinin sa waƙoƙinsu. Ba zan ce niyyarsa mummuna ce ba, domin a zamaninsa ne makaɗan gargajiya da sarakuna suka daina riƙewa suka sami mafaka a rediyo, wannan kuwa alheri ne babba. Inda ya yi kuskure shi ne da ya zaci hukuncin ofis na iya sauya sha'awar al'umma, ya manta iskar da ke ɗauke da murya ba ta tsayawa a kan iyaka a duba mata takarda.

A ƙarshen shekarar 1952 ce kamfanin CIBA, mai yin man goge haƙori na Binaca, ya sayi rabin sa'a a Rediyon Silon, aka sa wa shirin suna Binaca Geetmala, aka damƙa shi ga wani saurayi ɗan Bombai mai kimanin shekara 20, Ameen Sayani, bisa ladan rupi 25 a mako. A Bombai ake naɗar shirin a faifai, a sa shi a jirgin sama zuwa Kolombo, daga can a watso shi ya dawo wa Indiya kowace Laraba da ƙarfe 8 na dare. Da fari waƙa bakwai ake sawa, a nemi masu saurare su jera su bisa fifiko domin cin kyauta, kuma shirin farko kaɗai ya jawo wasiƙu wajen 9,000. A 1954 aka mai da shi sa'a guda, aka riƙa jera waƙoƙi daga ƙasa zuwa sama tamkar matakalar tsani, ana auna matsayin kowace da cinikin faifanta a kantuna da kuma ra'ayin ƙungiyoyin masu saurare, saboda an lura wasu masu finafinai na aiko da wasiƙun boge don a ɗaukaka waƙarsu. Abin da ya fi jan hankalina a al'amarin Sayani shi ne harshensa: yayin da masu shela na gwamnati ke magana da Hindi mai nauyi irin na littattafai, shi sai ya zaɓi maganar kasuwa da ta gida wadda Musulmi da Hindu duk ke fahimta, ya kuma saba fara gaisuwa da mata kafin maza. Da safe ma tashar na da shirin tsofaffin waƙoƙi, wanda a al'ada ake rufewa da muryar K. L. Saigal, kuma wani ƙaramin gari mai suna Jhumri Telaiya ya shahara a faɗin ƙasar ba don komai ba sai yawan wasiƙun zaɓen da mutanensa ke aikawa.

Da gwamnatin Indiya ta ga masu saurare da kuɗin talla duk sun ƙetare teku, sai ta sassauto a 1957, ta buɗe tashar nishaɗi ta Vividh Bharati, wadda ita ma ta fara karɓar talla a 1967. Duk da haka Geetmala bai bar Rediyon Silon ba sai 1988, bayan shekara 36, sa'an nan ya koma Vividh Bharati, inda ya ci gaba har 1994. Ameen Sayani ya rasu a Bombai a watan Fabrairun 2024, yana da shekara 91.