Abin Da Hanci Ke Iya Faɗa

Macen da ta san girki ba ta sayen daddawa sai ta kai ta hanci. Manomi kuma idan an yi girbi, yakan ware zangarniyar geron da ta fi cika ya rataye, irin baɗi ke nan. Da irin wannan hanci da ido masu haɗa irin tsiron wiwi ke aiki a ƙasashen da doka ta yarda, kamar Kanada da ta halatta shi a 2018.

Tsiron yana da mace da namiji, kamar dabino. Mai haɗa iri yakan ɗebo garin furen namiji ya barbaɗa wa macen da ya zaɓa, ya shuka 'ya'yan, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana shinshinawa. Ƙamshin yana fitowa ne daga wasu 'yan gasu masu danƙo a jikin furen mace, inda mayuka masu ƙamshi ke taruwa. Mayukan nan duk mun san su a madafa. Limonin shi ne na ɓawon lemo, kariyofilin yana cikin kanumfari da masoro, mirsin kuma yana cikin mangwaro. Kowane iri da nasa gwargwadon, kamar yadda kowace mai haɗa turaren wuta take da nata hannu. Shi kuwa warin nan mai hawa kai da ya sa aka raɗa wa wani iri na Kalifoniya suna Skunk, sunan wata dabba mai wari, a shekarun 1970, sai a 2021 masu bincike a Amurka suka gano cewa sinadaran farar wuta ne, dangin na tafarnuwa.

Sai dai ƙamshin miya ba ya faɗa maka yawan barkonon da ke cikinta, sai ka kai baki. Sinadarin da ke bugarwa, wato THC, ba shi da ƙamshi, kuma shi masu haɗa iri suka daɗe suna ƙara wa ƙarfi. A wiwin da hukumomin Amurka suka kama, ya tashi daga kusan kashi 4 cikin ɗari a 1995 zuwa kusan 12 a 2014.

Abin da ke damuna ke nan duk sa'ad da hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA ta kama irin nan da ake kira Loud a Najeriya, inda har yau doka ta haramta wiwi. Yaron da ƙamshin lemo ya ruɗa bai san barkonon da ke ƙasan tukunyar ba, kuma ƙwaƙwalwarsa da ba ta gama nuna ba ita za ta sha zafin.