Sana'ar Gwanjo A Nguru Da Gashuwa: Riba Tana Wurin Fasa Dila

Yawancin 'yan'uwanmu da ke neman abinci a Agege da Idi Araba a Ikko, ko Sabo a Badun, burinsu shi ne su tara ɗan jari su koma gida su kama sana'a. Daga cikin sana'o'in da mutanen Nguru da Gashuwa kan sa wa ido akwai gwanjo, watau tufafin da aka sa a ƙasashen Turai da Amurka, waɗanda mutanen Kudu ke kira okirika, da sunan garin Okrika na Jihar Ribas. Sana'a ce mai rufin asiri, amma ta cinye guzurin mutane da dama da suka faɗa mata ba shiri.

Garuruwan nan biyu ba baƙin ciniki ba ne. Tun 1930 da hanyar jirgin ƙasa daga Kano ta isa Nguru garin ya zama matattarar fatake, Gashuwa kuwa hedkwatar masarautar Bade ce, a bakin kogin Yobe, ga manoma ga masunta. Iyakar Nijar ba nisa, kuma tun 2013 aka kafa Jami'ar Tarayya a Gashuwa, wadda ta kawo ɗalibai masu neman riga da wando da takalmi a kan kuɗi kaɗan. Masu saye dai akwai su.

To, ina matsalar take? Tana cikin dila. Ana sayar da ita a ɗaure tamau, bisa nauyi, mai saye ba ya ganin abin da ke ciki sai ya biya ya fasa. Wata ta fito da kaya kamar sababbi, wata kuma rabinta tsumma. Saboda haka sabon shiga kada ya zuba jarinsa duka a dila ɗaya. Gara ya je kasuwar Ƙofar Wambai a Kano, inda manyan 'yan gwanjo ke fasa dila, ya zaɓa da hannunsa. Kuɗin kowace riga zai ɗan ɗara, amma ya ga abin da ya saya. Sai idonsa ya buɗe, ya kuma san dilan da ba ya ha'inci, sa'an nan ya ɗauki dila sukutum.

Abu na biyu, abin da ke tafiya a kasuwar Katangowa ta Ikko ba lalle ya tafi a gida ba. Magidanci a Nguru kaftani yake ɗinkawa, matan aure kuwa atamfa da hijabi. Wanda ya kwaso gajerun riguna na mata ya sayi kwantai da kuɗinsa. Abin da ke fita shi ne kayan yara, wandunan samari, takalma, jakar makaranta, labule da zanen gado.

Uwa uba kayan sanyi. Hunturun arewacin Yobe ba wasa ba ne, daga Disamba zuwa Janairu masunci da ɗan acaɓa da makiyayi kowa neman rigar sanyi da bargo yake yi. Lokacin kuma ya zo bayan kaka, manomi ya sayar da gero da riɗi, kuɗi na hannu. Mai wayo tun kafin iskar ta juya yake sarin kayan sanyi, don in sanyi ya kankama tsada suke yi. Wanda ya makara kuwa, zafin Afrilu zai same shi da tulin suwaita.

In kaya sun iso, a kasa su uku. Na farko a wanke, a goge, a rataye a rumfa, su ya kamata su mayar da uwar kuɗi. Na biyu a kai kasuwannin ƙauye, can riba take. Na uku a karya su a rabu da su, kada a riƙe, gama ƙura da rana suna cin kaya. A rubuta kome a littafi, har kuɗin mota da na dako, a kuma yi hattara da bashin dangi, shi ne ke karya ɗan kasuwa a garinsu.

Sai a san kuma cewa gwanjo na cikin kayan da hukumar kwastan ta hana shigowa da su, yawancinsa ta Kwatano da Nijar yake ɓullowa. Shi ya sa farashinsa ba ya zama wuri ɗaya. Da aka rufe iyakokin ƙasa daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020 kaya sun yi wuya, faɗuwar Naira a 2023 kuma ta ƙara wa dila tsada. Ƙaramin ɗan kasuwa ya yi sari a cikin gida, kada kwaɗayin araha ya kai shi ga fasa-ƙwauri, a ƙwace kaya a hanya ba mai biyansa.

Shawara ga mai niyyar komawa gida ita ce, ya fara zama a rumfar wani ko da na hunturu ɗaya ne, ya koyi ganin kaya, ya kuma ware wani abu daga jarinsa saboda ranar da dila za ta ba shi kunya. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Allah ya sa a koma gida da alheri, amin.